Kalmomi Uku a Bakin 'Yan Takara Kan Tabar Wiwi

Akwai wata jimla da na daɗe ina ji a bakin 'yan takara na ƙasashe daban-daban duk lokacin da aka taso musu da maganar tabar wiwi, har na haddace ta ba tare da na yi niyya ba: a halatta ta, a ɗora mata haraji, a gindaya mata ƙa'idoji. Da numfashi ɗaya ake furta abubuwan uku kamar 'ya'yan ciki ɗaya, magoya baya su tafa, mai gabatar da muhawara ya duba agogo ya wuce zuwa wata tambayar. Ni kuwa tun da na fara bin maganar a tsanake, ina duba abin da ya biyo bayan alkawarin a wuraren da aka cika shi, sai na ga zaman kishiyoyi suke yi, domin abin da ya yi wa harajin daɗi yakan ɓata wa ƙa'idojin rai, kuma ɗan takarar da bai faɗa maka wadda zai fifita ba ranar da rikici ya tashi a tsakaninsu, to bai faɗa maka matsayinsa ba tukuna.

Kalmar halattawa tana da nauyi a kunnen mai jin Hausa, saboda haka gara in share wannan tun da wuri. Abin da ake nufi da ita a wannan muhawara shi ne hukuma ta daina kama mutum ko ɗaure shi don ya noma, ya sayar ko ya sha, muddin ya bi sharuɗɗan da aka shimfiɗa. Hukuncin addini da na tarbiyya suna nan inda suke, majalisa ba ta taɓa su ba. Ni kaina ba na sha, kuma ba zan so ɗana ya sha ba. Amma na san mutum biyu da ba na iya tunanin wannan batu ba tare da sun faɗo mini a rai ba. Na farko an kama shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ƙullin da bai cika tafin hannu ba, ya yi 'yan watanni a tsare, ya fito da tabon laifi a takardunsa wanda ya bi shi duk inda ya nemi aiki. Ya daina sha tuntuni, tabon ne bai daina binsa ba. Na biyu ba a taɓa kama shi ba. Ya fara sha tun yana sakandare, safe da yamma, kuma ranar da na je duba shi na same shi zaune a ƙasa ya toshe tagar ɗakinsa da kwali da tsummoki, yana roƙona cikin raɗa in rage murya domin waɗanda ke bayan bango suna rubuta duk abin da muke faɗa, mahaifiyarsa kuma tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincin da ya ƙi karɓa tun daren jiya. Duk ɗan takarar da na saurara, da waɗannan biyun nake auna shi, kuma yawancinsu ɗaya kawai suke gani.

A Amurka, inda muhawarar ta fi daɗewa kuma ta fi ƙara, an yi zamanin da ɗanɗana wiwi kaɗai yake rufe wa mutum ƙofar muƙami. A 1987 Douglas Ginsburg, wanda Shugaba Reagan ya zaɓa domin kujerar Kotun Ƙoli, ya janye sunansa bayan ta bayyana cewa ya taɓa sha. A 1992 Bill Clinton, yana neman shugabancin ƙasa, ya amsa cewa ya gwada lokacin da yake karatu a Ingila amma bai zuƙi hayaƙin ba, amsar da aka yi shekaru ana yi masa dariya a kanta. Barack Obama kuwa tun kafin ya tsaya takara ya rubuta da hannunsa cewa ya sha a ƙuruciya, hakan kuma bai hana shi cin zaɓe sau biyu ba. Abin da ya sauya a tsakanin waɗannan shekaru shi ne ra'ayin jama'a. Cibiyar Gallup, wadda take yi wa Amurkawa wannan tambayar tun 1969, ta samu kashi 12 cikin 100 ne kacal suna goyon bayan halattawa a shekarar farko, rabi a 2011, sannan kashi 70 a 2023. Idan ka jera matsayin manyan 'yan takara kusa da waɗannan alƙaluma, za ka ga kullum a baya suke tafe, sai jama'a sun haye sun tabbatar ruwan ba zurfi sannan su naɗe wando.

Jihohi biyu na farko da suka halatta shan wiwi don nishaɗi, Colorado da Washington, ta ƙuri'ar raba gardama suka yi hakan a Nuwamban 2012, wato masu zaɓe ne suka tsallake 'yan siyasarsu suka yanke hukunci da kansu. Gwamnan Colorado na lokacin, John Hickenlooper, wanda da sana'ar giya ya yi suna kafin ya shiga siyasa, ya fito fili ya ƙi, sai daga baya ya sassauto. Gwamna Andrew Cuomo na New York a 2017 yana cewa wiwi ƙofa ce zuwa ga manyan ƙwayoyi. A 2018 Cynthia Nixon ta ƙalubalance shi a zaɓen fidda gwani tana kiran a halatta, kafin shekarar ta ƙare ya canza baki, kuma a Maris ɗin 2021 shi ne ya sa hannu a dokar. Kamala Harris ta yi adawa da yunƙurin halattawa na Kalifoniya a 2010 lokacin da take neman kujerar babbar lauyar jihar, a 2019 ta gabatar da ƙudirin cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a majalisar dattawa, a 2024 kuma ta sa halattawa cikin alkawuranta na takarar shugaban ƙasa. Abokin hamayyarta Donald Trump, a wannan shekarar, ya ce zai jefa ƙuri'ar amincewa a raba gardamar jihar Florida, alhali a zangonsa na farko ministan shari'arsa Jeff Sessions ne ya soke, a Janairun 2018, takardar umarnin 2013 da ta ce jami'an tarayya su ƙyale jihohin da suka halatta muddin suna sa ido. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne John Boehner, tsohon kakakin majalisar wakilai, wanda yana kan kujera ya ce babu abin da zai sauya adawarsa, amma a Afrilun 2018, bayan ya bar majalisa, sai ga shi ya shiga kwamitin wani kamfanin wiwi yana cewa tunaninsa ya ci gaba.

Ba na ganin laifin mutum don ya sauya ra'ayi, ni ma na sauya nawa fiye da sau ɗaya a kan wannan maganar. Sai dai akwai tazara tsakanin wanda hujja ta juya shi da wanda iska ta juya shi, kuma gane su ba wuya: na farko yana iya faɗa maka abin da ya gani har ya juyo, yana kuma da amsa idan ka tambaye shi shekarun mai saye da ƙarfin abin da za a sayar, na biyu kuwa jimlar nan ta kalmomi uku ce kaɗai a aljihunsa. Shugaba José Mujica na Yurugwai ya ja majalisar ƙasarsa ta halatta wiwi a Disambar 2013 a lokacin da ƙuri'un jin ra'ayi ke nuna yawancin mutanensa ba sa so, kuma hujjarsa ita ce a ƙwace kasuwar daga hannun masu fataucin ƙwayoyi. Firaminista Jacinda Ardern ta New Zealand, a raba gardamar Oktoban 2020, ta ƙi faɗin inda ƙuri'arta za ta faɗa har sai da aka gama zaɓe, sannan ta bayyana cewa amincewa ta yi, masu cewa a'a kuma suka yi nasara da kashi 50.7 a kan 48.4. Da irin wannan ɗan rinjaye, magoya bayan halattawa suna da dalilin cewa shirunta ya yi musu tsada. Ko ka yarda da Mujica ko ba ka yarda ba, ka san inda ya tsaya.

Wani abin da jimlar take ɓoyewa shi ne cewa halattawar ba iri ɗaya ba ce. A Yurugwai sai ɗan ƙasa ko mazauninta ya yi rajista da hukuma, sannan ya zaɓi hanya ɗaya: ya shuka tushe shida a gida, ko ya shiga ƙungiyar masu noma wa kansu, ko ya saya a kantin magani, giram 40 a wata, babu talla, babu sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. A Jamus, jam'iyyun da suka kafa gwamnati a 2021 sun yi alkawarin shaguna masu lasisi, amma da suka ci karo da dokokin Tarayyar Turai sai abin ya tsuke, dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2024 ta yarda babba ya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe uku, ko ya shiga ƙungiyar da ba ta neman riba, ba tare da shago ko ɗaya ba. A Holan kuwa tun shekarun 1970 ake kau da kai ga shagunan da ke sayar wa mutane kaɗan-kaɗan ta ƙofar gaba, alhali kayan da ke shigo musu ta ƙofar baya haramtattu ne, kuma sai a Disambar 2023 aka fara gwajin noma bisa doka a biranen Breda da Tilburg. Jihohin Amurka da yawa kuma kasuwa suka buɗe sosai, da kamfanoni da masu zuba jari da sunayen kaya masu jan hankali. Duk waɗannan ɗan takara zai iya kiransu halattawa, kuma uwar da ke tsaye a bakin ƙofar nan ba za ta ɗauke su abu ɗaya ba.

Haraji shi ne zumar da ake lasa wa masu zaɓe, kuma a nan nake so in daɗe. A Colorado an rubuta a cikin gyaran tsarin mulkin da aka kai wa jama'a cewa dala miliyan 40 na farko daga harajin kowace shekara ginin makarantu za a yi da su, dabarar da ta jawo ƙuri'un iyayen da ba su damu da wiwi ba. Kuɗin sun shigo kuwa, har abin da jihar ta tara ya haura dala miliyan 400 a 2021. Amma wannan a cikin kasafin da ake lissafinsa da gomman biliyoyin daloli ɗan ƙaramin kaso ne, kuma daga wannan shekarar ya riƙa sauka, saboda maƙwabtan jihohi sun buɗe nasu shagunan, farashi kuma ya faɗi. Faɗuwar farashin ba hatsari ba ne. Abin da ke sa wiwi tsada a kasuwar bayan fage shi ne haɗarin kamu da ɗauri, idan aka cire haɗarin sai ta koma tsiro kamar kowane tsiro, wanda noma shi ba wahala, kuma harajin da aka ɗaure da farashi yakan bi farashin ƙasa. Ɗan takarar da ya tsaya a gaban taro yana rarraba kuɗin wiwi ga makarantu da asibitoci da hanyoyi, yana rabon naman da ke raguwa ne tun kafin a sauke tukunya.

Idan ya ce zai ɗaga harajin domin ya cike giɓin, sai ya faɗa wani ramin. Mai shago mai lasisi yana biyan kuɗin lasisi, da na gwajin kaya a ɗakin bincike, da na mazubin da yaro ba zai iya buɗewa ba, da na masu gadi, sannan haraji. Dillalin lungu ba ya biyan ko ɗaya, ba ya kuma tambayar katin shaida. Jihar Washington ta sa kashi 37 cikin 100. Kalifoniya, wadda ta fara sayarwa a Janairun 2018, ta haɗa harajin kashi 15 da wani harajin noma da ake yankawa bisa nauyi, ga na ciniki, ga na ƙananan hukumomi, sannan garuruwa da yawa suka hana buɗe shago a yankunansu gaba ɗaya. Sakamakon shi ne kasuwar bayan fage ta ci gaba da cin karenta babu babbaka a jihar da aka yi wa alkawarin kashe ta, har a 2022 gwamnati ta soke harajin noman domin masu lasisi su numfasa. Haraji mai yawa yana ciyar da dillalin da aka ce za a kora, haraji kaɗan kuma yana sa abin ya yi arha a hannun saurayin da aka ce za a kare, kuma ban cika jin ɗan takara ya amsa cewa a tsakanin waɗannan biyun yake ba.

Abin da ya fi damuna ya wuce lissafin kashi. A kasuwar wiwi, kamar ta giya da ta sigari, mafi yawan abin da ake sayarwa yana tafiya ne ga 'yan tsirarun da ke sha kullum ko kusan kullum. Mai sha sau ɗaya a wata ba ya riƙe shago, ba ya kuma gina makaranta. Ma'ana, ranar da gwamnati ta sa kuɗin wiwi a cikin kasafinta ta kuma ɗaure albashin wasu da shi, ta zama abokiyar cinikin kamfani a kan mutumin da ya kasa dainawa, kuma duk dokar da za ta rage masa sha ta zama dokar da za ta rage mata kuɗi. Daga nan ne kishin yake farawa. Kamfanonin da suka yi ƙarfi sukan ɗauki masu kamun ƙafa a majalisa, su ba da gudunmawar yaƙin neman zaɓe, su yaƙi duk wani yunƙuri na ƙayyade ƙarfin kaya ko taƙaita talla. A raba gardamar Florida ta 2024, kamfani ɗaya mai shagunan wiwi na magani a jihar ne ya zuba mafi yawan kuɗin yaƙin neman amincewa, sama da dala miliyan 100. Ƙudirin ya samu kusan kashi 56, ya gaza kashi 60 da dokar jihar ke buƙata, amma adadin kuɗin ya isa ya nuna wa mutum wanda yake jiran cin gajiyar.

Akwai waɗanda suka yi tunani a kan wannan. JB Pritzker ya yi takarar gwamnan Illinois a 2018 da alkawarin halattawa, kuma dokar da majalisar jihar ta yi a 2019 ta ɗaure harajin da ƙarfin sinadarin THC, wanda shi ne ke sa maye: kashi 10 ga abin da ƙarfinsa bai wuce 35 cikin 100 ba, kashi 25 ga wanda ya wuce, kashi 20 ga kayan ci da sha da aka cuɗa da shi. A jajibirin fara aikin dokar ya yi wa mutum sama da 11,000 afuwar ƙananan laifukan wiwi. Wanda ya fi burge ni kuwa a Kanada yake. Justin Trudeau ya shiga zaɓen 2015 da alkawarin halattawa da taƙaita hanyar samu, ya cika ranar 17 ga Oktoban 2018, da mazubi marar ado da hana talla. Amma a lardin Quebec, François Legault ya yi takara a 2018 da magana ɗaya mai adadi, cewa zai ɗaga shekarun mai saye daga 18 zuwa 21, ya ci zaɓe, kuma daga farkon 2020 haka aka yi. A wannan lardin hukuma ce kaɗai ke da shagunan, an sa wa ƙarfin kaya iyaka, an kuma hana alewa da cakulan masu sinadarin, waɗanda su ne yara ƙanana ke tsinta a gida su ci a kwashe su zuwa asibiti. Masu suka suna cewa ɗan shekara 19 da aka kora daga shagon hukuma wurin dillali zai koma, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka, alkawari ne da za a iya riƙe mai shi a kansa a kuma auna sakamakonsa.

Maganar ƙarfi ba ƙarama ba ce, kuma 'yan takarar da suka sha a jami'a shekara talatin ko arba'in da suka wuce sukan manta da ita. Wiwin da jami'an Amurka ke kamawa a tsakiyar shekarun 1990 yana da THC kusan kashi 4 cikin 100, yanzu kuwa ganyen ya ninka haka sau uku ko fiye, tatattun da ake sayarwa a shaguna kuma wasunsu sun haura kashi 70. Babban rahoton da cibiyoyin kimiyya na ƙasar suka fitar a 2017 ya yarda cewa akwai hujja mai ƙarfi ta amfaninta ga ciwo mai daɗewa da kuma tashin zuciyar masu shan maganin ciwon daji, ya kuma ce akwai hujja mai ƙarfi ta alaƙarta da taɓin hankali, musamman ga masu yawan sha. Kowane ɓangare rabin da ya yi masa yake karantowa. Jihohin Vermont da Connecticut sun sa iyaka, da farko kashi 30 ga ganye, 60 ga tatacce, yawancin sauran kuma sun bar wa kasuwa. Ga kuma matsalar tuƙi: giya tana da ma'aunin da ɗan sanda zai sa direba ya hura a gefen hanya, THC kuwa yakan daɗe a jiki bayan mayen ya wuce, saboda haka samunsa a jini ba ya tabbatar da cewa a buge mutum yake lokacin da ya riƙe sitiyari.

Abin da ke faruwa idan aka halatta kafin a shirya, Tailan ta nuna wa duniya. Anutin Charnvirakul da jam'iyyarsa ta Bhumjaithai sun mayar da wiwi tutarsu a zaɓen 2019, suna gaya wa manoma cewa sabuwar hanyar arziki ce. Ya zama ministan lafiya, ranar 9 ga Yunin 2022 aka cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi, gwamnati har da rabon tsiro kyauta, amma ƙudirin da zai faɗi wanda zai sayar da yadda zai sayar ya maƙale a majalisa. Kafin a ankara shaguna dubbai sun tsiro a Bangkok da garuruwan 'yan yawon buɗe ido. A zaɓen 2023 jam'iyyar Pheu Thai ta yi alkawarin mayar da abin ga magani kaɗai, sai kuma ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da jam'iyyar Anutin ɗin, maganar ta yi ta tangal-tangal har Yunin 2025, lokacin da ƙawancen ya watse aka ce sai da takardar likita. Manomin da ya ci bashi ya shuka bisa alkawarin 2019 shi ya kwana a ciki. New York ma ta ɗanɗana nata: an halatta riƙewa a Maris ɗin 2021, shagon farko mai lasisi bai buɗe ba sai ƙarshen Disambar 2022, kuma a wannan tsakanin shagunan da ba su da lasisi suka cika birnin har sai da aka koma bin su ana garƙamewa. A Virginia an halatta riƙewa a 2021, aka zaɓi Glenn Youngkin gwamna a wannan shekarar, ya hau kujerar naƙi a kan dokar sayarwa a 2024 da 2025, mutane suka zauna shekaru da abin da doka ta yarda su riƙe amma ba ta yarda kowa ya sayar musu ba.

Masu adawa ma ba su tsira daga tambaya ba, ko da yake su aka fi bari su wuce da kalmar kare yara. Wanda ya ce a bar haramcin yadda yake, shi ma tsari yake karewa, tsarin da ke da nasa lissafin. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta nuna a 2013 cewa a Amurka baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a kama shi da laifin wiwi kusan ninki huɗu, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. Haramcin bai hana wancan saurayin samun abin da ya sha yana sakandare ba, ya dai ɓata wa ɗayan takarda. Ina so in ji daga bakin mai adawa ko ya yarda a daina ɗaure mai ƙulli ɗaya, ko zai goge wa tsofaffin masu laifi tabonsu, da kuma inda zai samo kuɗin gadon asibiti ga wanda ya kamu. A Dakota ta Kudu masu zaɓe sun amince da halattawa a 2020, gwamna Kristi Noem ta mara wa ƙarar da ta kai ga kotu ta rushe sakamakon a 2021 baya. A Jamus jam'iyyun CDU da CSU sun shiga zaɓen 2025 da alkawarin soke dokar, da aka zo kafa gwamnati da SPD sai soke ta koma a yi nazari a gani. Ashe romon baka ba a gefe ɗaya ake dafa shi ba.

Akwai kuma waɗanda ke alkawarin abin da kujerar da suke nema ba ta da ikon yi ita kaɗai. Phil Murphy, yana neman kujerar gwamna, ya ce a kwana ɗari na farko zai halatta a New Jersey, ya hau mulki a Janairun 2018, majalisa ta ƙi ba shi ƙuri'un, sai da aka kai wa jama'a a 2020, ba a fara sayarwa ba sai Afrilun 2022. Afuwar da Joe Biden ya yi a Oktoban 2022 ta shafi laifin riƙewa a ƙarƙashin dokar tarayya ne, alhali yawancin waɗanda aka hukunta a kotunan jihohi aka hukunta su, inda hannun shugaban ƙasa bai kai ba. Dokar tarayya ta 1970 ta ajiye wiwi a aji ɗaya da hodar heroin sama da shekara hamsin, kuma saboda haka masu shagunan da jihohinsu suka ba lasisi suka daɗe manyan bankuna suna gudunsu, suna jigilar tsabar kuɗi a jaka har zuwa ofishin haraji, ga kuma sashe na 280E na dokar haraji da ya hana su cire kuɗin haya da albashi daga abin da za a yanka musu haraji a kai. Majalisar wakilai ta sha zartar da ƙudirin gyara maganar bankin, ta dattawa tana ajiye shi.

Da za a ba ni makirfo a irin wannan muhawara, ba zan tambayi ɗan takara ko yana goyon baya ko yana adawa ba, domin wannan an riga an rubuta masa amsarsa. Zan tambaye shi ne ya ɗauka shekara biyar bayan dokarsa ma'aikatar lafiya ta kawo masa rahoto cewa masu sha kullum sun ragu da rabi, ma'aikatar kuɗi kuma ta shigo a bayanta da rahoton cewa harajin ya ragu da rabi, ginin makarantun da ya yi alkawari ya tsaya a linta, sannan in tambaye shi wanne daga cikin ministocin biyu zai kira ya ce ya gyara.